Bargon ƙyallaye a keke mai dogon hannu: in ci gaba da koyo ko in kai wa masu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas ta Amurka. Na iya ɗinki tun ina gida, a nan kuma na koyi haɗa ƙyallaye su zama bargo, irin wanda mutanen nan ke kira kwilt. Akwai shago kusa da mu da ke ba da hayar keke mai dogon hannu, wato babban keken ɗinki da ake turawa a kan bargon da aka shimfiɗa don ya ɗinke sama da audugar ciki da shafi wuri guda, ana biya awa-awa. Na yi darasinsu na yini ɗaya, na ɗora bargona na farko. Sama ya yi kyau, amma da na juya bayansa sai na tarar zare ya yi madaukai duk inda na yi kwana, shafin ya naɗe a wuri biyu, gefe kuma ya ƙi kwanciya. Zare ya tsinke ya fi sau goma. Wanda ke gabana yanzu da zannuwan mahaifiyata na haɗa shi, Allah Ya jiƙanta, inci 60 da inci 72, ina so in ba 'yata ranar bikinta nan da wata huɗu. Tsoro nake ji. In kai wa masu yi, ko in sayi kekena, ko in ci gaba da koyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Hajiya da rahama, Ya kai mu ranar bikin lafiya.

Ki ci gaba da koyo, amma ban da a kan zannuwan Hajiya, sai kin shirya. Abubuwa huɗun da kika lissafa, babu ko ɗaya da ke nuna hannunki bai iya ba. Naɗewar shafi da gefen da ya ƙi kwanciya tun kafin allura ta taɓa yadi aka haife su. Madaukai da tsinkewar zare kuwa batun saitin keke ne, kuma minti goma sha biyar na gwaji a bakin yadi sun isa su tona shi. Mai koyo takan ɗauka cewa aikin shi ne tuƙa keken. Tuƙin shi ne mai sauƙin.

Mu fara da madaukan nan, tunda su suka fi tayar miki da hankali. Zaren da kika gani a bayan bargon, na sama ne. Idan ɗaurin zaren sama ya yi sako-sako, ko na ƙasa ya yi tsauri, sai na ƙasa ya janyo na sama zuwa baya. A miƙaƙƙen layi za ki ga zaren ƙasa kwance kamar an shimfiɗa shi, da ɗigo-ɗigon na sama a kansa. A kwana kuwa sai ya fito kamar gashin ido, musamman in kin shiga kwanar da gudu. In kuma madaukan manya ne, cunkus kamar sheƙar tsuntsu, to zaren bai ma shiga tsakanin faya-fayan ɗauri ba. Ki kama shi da hannu biyu, ta gaban faya-fayan da ta bayansu, ki ja shi ciki har ki ji ya zauna.

Kullum daga ƙasa ake fara saiti. Ki sa kwarkwaro cike da zare a cikin ƙoshiya, ki kwantar da ƙoshiyar a tafin hannunki, ki ja zaren kwarkwaron zuwa sama a hankali. Abin da ake so shi ne ta miƙe tsaye a tafin, zaren yana fita sumul, ba tare da ta bar hannunki ba. In ta tashi tana reto, ta yi tsauri. In ta ƙi miƙewa, ta yi sako-sako. Noti biyu ne a jikinta, babban shi ne na saiti, kuma ɗan kaɗan ake murɗa shi, kamar tafiyar minti biyar a fuskar agogo, dama ɗaurewa, hagu sassautawa. Da yake keken haya ne, ki tambayi mai shago kafin ki taɓa shi. In tana da ma'aunin Towa, ɗan abin da ke auna ɗaurin zaren ƙoshiya, yawanci ana neman lamba tsakanin 180 da 220 a babban kwarkwaro. Sai ƙasa ta zauna sannan ki koma sama. A nan kuma akasin abin da kika saba a keken gida ne: maɓallin sama na waɗannan kekunan ba ya jin ɗan taɓi, rabin juyi ake yi masa ko cikakken juyi. Ki ɗora wani ƙyallen atamfa a kan rarar shafi da auduga da ke gefe, ki yi da'ira, ki yi zigizaga, ki leƙa ƙasa da tocilan, ki shafa da farce. In farcenki yana ƙaiƙayar ɗigo-ɗigo, ki ƙara ɗaure sama. In zaren ƙasa ya fara leƙowa a sama, kin wuce, ki ɗan dawo. Duk lokacin da kika canza kwarkwaro ki sake leƙawa.

Akwai wani abu da kan rikita masu koyo. Ɗinki ya yi kyau in kin tafi dama, ya ɓaci in kin dawo hagu ko kin tura keken gaba. Allurar ce ke lanƙwasawa tana nisantar ƙugiyar da ke kamo zare a ƙasa. Maganinsa ki rage gudu a waɗannan ɓangarori, ko ki sa allura mai ɗan kauri. Kuma ki duba ko bargon bai yi tauri a kan firam ba, wato teburin mai sanduna da ake naɗe bargon a jikinsu.

Wannan taurin shi ne muke zargi da tsinkewar zarenki. Mai koyo takan ja sandunan har bargo ya zama kamar fatar kalangu, tana ganin hakan ne zai hana naɗewa. Yadin da aka ɗame haka yana ture allura gefe, zare ya goga, ya tsinke, ko ɗinki ya riƙa tsallake. Ga awonsa: ki turo yatsa daga ƙasan bargon, ki kama shi da ɗayan hannun ta sama. In kin iya kama gaɓar farko ta yatsan, daidai ne. In ya kuɓuce, ki sassauta sanda da haƙori ɗaya ko biyu. Bayan wannan sai allura. Allurar waɗannan kekuna kanta zagayayye ne, ba shi da ɓangare mai faɗi irin na keken gida, saboda haka tana iya shiga a karkace ba ki sani ba. Dogon kwarin da ke jikinta ya fuskanto ki, ɗan ramin da ke saman ido ya kalli baya, kuma ki tura ta sama har ƙarshe kafin ki ɗaure noti. Sabuwar allura ga kowane bargo. Ki share gashin auduga daga mazaunin ƙoshiya da buroshi, ki tambayi mai shago ko an ɗiga wa ƙugiya mai. Zaren da ya daɗe a ajiye shi ma yana tsinkewa. Ki ja shi da hannu, in ya katse ba wuya, ki ajiye shi.

Atamfa tana da nata hali a wannan keke, kuma mai yiwuwa darasin shagon bai taɓo shi ba. Saƙarta a matse take, wadda ba a wanke sosai ba kuma tana da ƙarfi. Allura lamba 18, wadda aka fi sakawa, tana barin rami babba a jikinta. Ki gwada lamba 16 da zaren polista mai lamba 50 a sama, da 50 ko 60 a ƙasa (a zare, girman lamba na nufin siranta). Sama da ƙasa su zama launi ɗaya ko kusa da juna, domin ko ɗaurin ya ɗan kauce ba zai fito fili ba. Zare mai launin toka ko ruwan ƙasa mai haske yakan ɓace cikin zanen atamfa, wannan kuma alheri ne ga mai koyo.

Yanzu shafi. Ana so ya fi saman bargo da inci 4 a kowane gefe, wato naki zai zama inci 68 da 80, audugar ciki ma haka. Rarar nan ita ake maƙalawa a sanduna da maɗamkan gefe, ita ce kuma wurin gwajin zare. Shawararmu ki sayi yadin shafi mai faɗin inci 108, na auduga, mai zane cunkus. Yadi biyu da kwata sun ishe ki, babu haɗi, zanen kuma zai rufe ƙananan kurakurai. In kuwa zuciyarki na kan atamfa har a baya, to yadi huɗu daga turmi: ki yanka biyu, inci 70 kowanne, ki cire bakin nan mai sunan kamfani, domin ya fi sauran yadin tauri kuma shi ke jan haɗi ya tattare. Ki haɗa da rarar rabin inci, ki buɗe haɗin da guga. A ɗora shi yadda haɗin zai kwanta bisa tsawon sanduna. In ya bi ta ɗayan ɓangaren, zai riƙa taruwa a wuri guda yayin naɗi, tsakiya ta ɗame, gefuna su yi lagwaf, daga nan naɗewa ke farawa. Sai dai ki sani atamfa sama atamfa ƙasa ya fi wahalar saiti.

Shafin kuma dole kusurwowinsa su zama daidai. Ki ninka shi biyu, ki sake ninkawa, ki daidaita da rula ki yanke bakin sama da na ƙasa su miƙe. Ki yi alamar tsakiya a duka biyun. A kan firam fuskar shafi ƙasa take kallo. Ki haɗa tsakiyarsa da alamar tsakiyar farin yadin da ke manne a sanda, ki soka fil daga tsakiya zuwa dama, ki dawo tsakiya zuwa hagu, kina kwantar da yadin ba tare da ja ba. In kin maƙala duka ɓangarorin, ki naɗe shafin gaba ɗaya a sanda ɗaya, ki dawo da shi kan ɗayar, sau biyu ko uku, kina shafa shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Wannan kai-komon yana cin minti biyar, kuma shi ke fitar da sako-sakon da ido ba ya gani. Sannan ki shimfiɗa auduga, ki kulle ƙafafun keken yadda zai tafi a miƙe, ki yi dogon layi daga hagu zuwa dama. Bakin saman bargonki a kan wannan layin zai zauna, tsakiya a kan tsakiya. Ki kafe shi da manyan ɗinki, ƙasa da kwatan inci daga baki, domin baki na ƙarshe, wato tsirin yadin da za a kalmashe gefen bargon da shi, ya rufe su. Ki kafe gefuna biyu iya inda hannun keken ya kai.

Duk lokacin da kika gama layi kika naɗa gaba, abu huɗu ne, kuma tsallake ɗaya daga cikinsu ma yakan naɗe shafi: ki gyara kwanciyar auduga, ki auna faɗin bargon da tef ki tabbata har yanzu 60 ne, ki kafe gefuna, ki mayar da maɗamkan gefe. Maɗamkan shafi suke kamawa, ban da saman bargo, kuma riƙo kawai ake so, ba ja ba. Kafin ki kunna keken ki zura hannu ta ƙasa ki shafa daga wannan gefe zuwa wancan.

Gefen da ya ƙi kwanciya, wannan a teburinki na gida aka yi shi. Idan aka ɗauki dogon yadi aka bi gefen bargo da shi ana ɗinkawa, aka yanke rarar a ƙarshe, keken gida yakan cusa yadi fiye da kima, gefe ya fi tsakiya tsawo. A firam ba shi da inda zai ɓuya. Yau ɗin nan ki shimfiɗa bargon Hajiya a ƙasa, ki auna tsawonsa ta tsakiya, ki auna ta gefen dama da na hagu, faɗi ma haka. In gefe ya fi tsakiya da abin da ya wuce rabin inci, ki warware yadin gefen, ki yanke shi daidai da awon tsakiya, ki haɗa tsakiya da tsakiya, ƙarshe da ƙarshe da fil, sannan ki mayar. Aikin yamma ɗaya ne. Ɗan ƙaramin kumburi kuwa ana iya shanye shi a kan firam da feshin sitati da tururin dutsen guga, a ƙara yawan ɗinki a wurin. In babu yadin gefe, ƙyallaye ne har baki, ki zagaye bargon da ɗinki ɗaya dab da baki don haɗe-haɗen kada su buɗe in an ja.

Zannuwan da aka ɗaura shekaru ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma wannan ya fi komai muhimmanci a bargon nan. Ki ɗaga shi ga hasken taga. Duk ƙyallen da haske ke ratsawa fiye da 'yan'uwansa, ki manna masa gam ɗin guga mara nauyi ta baya, irin na teloli amma mafi laushi. Ki jiƙa farin ƙyalle ki danna a kan jajaye da shuɗaye, ki ga wanda ke zuba. Kada ki wanke saman bargon shi kaɗai kafin a ɗinke shi da auduga da shafi, bakunan haɗin za su zare. Ki tsinke zarurrukan da ke reto ta baya, domin baƙin zare yakan nuna ta cikin farin ƙyalle. A irin wannan bargo warwara ita ce abar gudu, tsohon yadi ba ya jure allura sau biyu a wuri guda, atamfa kuma tana riƙe ramin allura. Shi ya sa muka ce sai kin shirya.

Auduga mai kashi 80 auduga, kashi 20 polista ta fi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. Ki karanta jikin ledar, ana rubuta iyakar tazarar da za a bari tsakanin layukan ɗinki. Ta audugar kamfanin Hobbs mai 80/20 inci 4 ce, ta wadda ake kira Warm & Natural kuwa har inci 10. Ga tsoffin zannuwa kada ki bar fili ya wuce faɗin yatsu uku ko huɗu, ɗinkin ne ke ɗauke wa yadin nauyi. Yawan ɗinkin kuma ya zama bai-ɗaya a ko'ina, in wani wuri ya cika wani ya yi fili, bargon zai kumbura.

Tuƙin kansa: ki saita ma'aunin ɗinki a kan 10 zuwa 12 a kowane inci. Ki janyo zaren ƙasa sama kafin ki fara, ki yi ƙananan ɗinki huɗu ko biyar dab da juna don kullewa. Ki buɗe ƙafafunki, ki riƙe hannayen keken sako-sako, jikinki ya riƙa bin keken, kada ki tsaya wuri ɗaya kina miƙa hannu. Idonki ya kasance inda za ki, ɗan gaba da allura. A gida ki ɗauki biro da babbar takarda, ki ɗaga gwiwar hannu daga tebur, ki cika shafi da zane ba tare da ɗaga biron ba, minti goma kullum. Ga wannan bargon muna ganin fantogiraf ya fi: doguwar takarda mai zane da ake shimfiɗawa a teburin bayan keke, kina bin layin da ɗigon hasken leza. Ki zaɓi zane mai lanƙwasa, marar kusurwa masu tsini, faɗinsa kada ya wuce inci 9 ko 10 in wuyan keken inci 18 ne, saboda bargon da ake naɗewa a cikin wuyan yake taruwa, filin aikinki yana raguwa kina tafiya. In kin kauce daga layi ki dawo a hankali. Ba wanda zai ga takardar, amma fizgar da kika yi don komawa za ta zauna a bargon.

Wata huɗu sun isa in kin tsara su. Zama na farko, farin yadi mai araha sama da ƙasa, zaren sama ja, na ƙasa baƙi, don ki ga ɗauri ƙarara. Ki ɓata saitin da gangan ki gyara. Zama na biyu, ƙaramin bargon jariri na ƙyallayen atamfa, da irin auduga da zare da zanen da za ki yi wa na Hajiya. Na uku, bargonki na farko. Inda madaukai suke, ki ja zaren ƙasa, zai zare da sauƙi tunda a kwance yake, ki fesa ruwa ki murza ramukan da farce, ki sake ɗora shi. In ƙarshen wata na biyu ya zo bayan bargo yana fita tsaf daga farko har ƙarshe, ki ɗora na Hajiya, ki kama awa huɗu ko biyar don kada ki yi gaggawa. In bai fita ba, ki kai wa mai yi, ba abin kunya ba ne, haɗin ai naki ne. A wurare da yawa suna karɓar santi 2 zuwa 3 a kowane murabba'in inci don zane ɗaya daga baki zuwa baki. Naki 4,320 ne, wato tsakanin dala 86 da 130, ban da kuɗin auduga. Ki tambayi layinsu tun yanzu, yakan yi tsawo gab da Kirsimeti, kuma ki gaya wa mai yin cewa tsoffin zannuwa ne.

Sayen keke kuwa ki dakata. Dubban daloli ne, firam mai ƙafa 10 ko 12 kuma ɗaki guda yake ci, da filin zagayawa gaba da baya. A garinku ake yin International Quilt Festival duk kaka, a George R. Brown Convention Center, kamfanoni na kawo kekunansu a gwada. Ki je bayan kin gama barguna biyar ko shida a na haya, lokacin hannunki ya san nauyin da yake so.

In an sauke bargon, ki yanke rara da rula, kusurwowi su daidaita. Baki zai ci rabin yadi: tsiri 7 masu faɗin inci biyu da rabi, a haɗa su a karkace, a ninka biyu a goge, a ɗinka ta gaba da kwatan inci, a juya baya a kalmashe da hannu. Wankin farko da ruwan sanyi, ki jefa takardun kama launi biyu ko uku, waɗanda ke shanye launin da ya zuba a ruwan wanki, kada ki bar shi jiƙe a cikin inji, ki fitar ki shanya nan take. Zai ɗan tsuke ya yi tamoji mai laushi, ramukan allura su rufe. Sannan ki ɗinka ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya, ki rubuta da alƙalamin yadi wanda ba ya wankuwa: sunan Hajiya, naki, na amarya, da shekara.